Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Sakkwato: ɗiyanmu sun iya jan baƙi amma babu fassara

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranka shi daɗe Shugaban Hukumar Ilimin Bai-ɗaya ta Jihar Sakkwato, wato SUBEB, da sakatarorin ilimi na ƙananan hukumominmu 23, da duk wani mai faɗa a ji kan makarantun firamare a jihar nan. Ina gaishe ku da aiki, ya iyali, ya haƙuri da jama'a, Allah shi taya ku riƙo shi sa ku gama lafiya.

Ni uba ne, ɗiyana huɗu, uku suna firamaren gwamnati a nan cikin garin Sakkwato, kuma ina cikin kwamitin iyaye da malamai na makarantarsu. Sana'ata sayar da magani, ina da ɗan kemis a unguwa. Wagga magana mun daɗe muna juya ta a majalisarmu bayan sallar Isha'i, cikinmu akwai tela, akwai mai Keke Napep, akwai masu kai albasa kasuwa, akwai wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa, har matanmu sun sa baki daga cikin gida, daga ƙarshe aka ɗora mani nauyin rubutawa. To da yawunsu nake magana, kuma na tabbata iyaye da yawa daga Illela har Tambuwal in suka karanta za su ce ai gidanmu ake faɗi.

Abin da ya tunzura mu shi ne sakamakon ƙarshen zangon da ya wuce. Ɗiyata ta aji huɗu ta shigo da kati tana murna, an ba ta maki mai yawa a Turanci. Bayan Magariba muna zaune tsakar gida bisa tabarma saboda zafi, na ce ta ɗauko labarin da aka yi masu jarrabawa a kai ta karanta mani. Ta miƙe tsaye ta haɗe ƙafafu ta karanta shi tas da ƙarfi har da rerawa, ba ta yi tuntuɓe ko wuri ɗaya ba, uwarta sai murmushi take yi. Labarin wata yarinya ce da aka aika kasuwa ta yar da kuɗin a hanya. Na ce madalla, to wa anka aika kasuwa? Shiru. Na ce mi ya samu kuɗin? Ta dubi takarda, ta dubi uwarta, can ta ce "Baba ai ba a ba mu ansar wanga ba." Sai na ce ta sake daga farko, na sa babban yatsana na rufe layi na uku gaba ɗaya, wallahi ta karanta abin da ke ƙarƙashin yatsan nan ba ta ma lura an rufe ba. Ashe hadda ce.

Na aje takardar na ba ta labarin da Hausa. Ban kai ƙarshe ba ta katse ni ta ce ai laifin uwar ne, don mi ba ta ƙulle mata kuɗin a bakin zane ba? Ranka shi daɗe wannan amsar ita ta hana ni barci, don ta nuna mani yarinyar na da kai, tana iya auna magana ta fitar da mai laifi, shekara huɗu kawai ba a taɓa neman ta yi hakan da abin da ke rubuce ba. Da na kai zancen majalisa kowa ya koma gida ya gwada nasa, kashegari kusan duk labari iri ɗaya aka dawo da shi.

A garin nan ba sai an yi wa kowa bayanin bambancin jan baƙi da fassara ba. Kowane azumi muna zama wurin tafsiri, alaramma shi ja aya malam shi fassara, kuma duk da ladan da ke cikin sauraro, da za a ce bana baƙi kaɗai za a ja, kowa sai ya tambaya ina bayanin. Tsarin karatunmu na gado ma haka yake, yaro shi fara da babbaƙu, shi wuce farfaru, in ya kai zaure gaban malam da Ahalari ko Ishmawi sai ya karanta jimla malam shi fassara masa da Hausa kalma bayan kalma, gobe kuma sai ya biya tare da ma'ana kafin a ƙara masa. Nana Asma'u ɗiyar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta san Larabci sarai amma ta zauna ta tsara waƙoƙi da Fulatanci da Hausa ta ba jajis, wato matan da ta horar, su kai wa mata a ƙauyuka, don ta san ilimin da mutum bai gane ba bai shiga hannunsa ba. Mu da muka gaji wannan, abin da ciwo a ce makarantun bokonmu na yaye yara masu jan baƙi kaɗai.

Na san ba mu kaɗai ke cikin wanga hali ba. Bankin Duniya na da wani ma'auni, wato yaro ɗan shekara 10 da ba zai iya karanta ɗan gajeren rubutu ya gane shi ba, kuma a rahotonsu na 2022 sun ce a ƙasashen Afirka kudu da Sahara kusan yara 9 cikin 10 haka suke. Amma yawan masu ciwo bai rage wa kowa zafin nasa ba, kuma a nan garin ne Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya, wato UBE, ranar 30 ga Satumba 1999, a 2015 kuma gwamnatin jiha ta ayyana dokar ta-ɓaci kan ilimi, don haka muna da bakin tambaya.

Kukanmu na farko shi ne yadda ake darasin auna fahimta. Ku bi ta bayan tagar aji da misalin ƙarfe tara na safe ku saurara, malam ya rubuta labari a allo yana nunawa da sanda yana faɗi, yara na amsawa gaba ɗaya kamar amshin waƙa, sau uku sau huɗu, na baya ma ba su hango allon ba bakin na gaba suke bi. In an gama sai a rubuta tambayoyi biyar, a rubuta amsoshinsu a ƙasa, a ce ku kwafa. Shi ke nan an yi auna fahimta, alhali ba a auna fahimtar kowa ba. Yaran da suka ɗan fi wayau kuma sun gano wata dabara, su dubi kalmar da ke cikin tambaya su nemo layin da ke da irinta su kwafe layin sukutum, a ba su maki. Da wannan dabarar yaro zai iya kai wa aji shida bai taɓa sanin me labari ɗaya ke cewa ba.

Illar abin nan ni a kemis nake ganinta kullum. Har yau in na ba da magani sai na ja layi-layi a bayan ambulan, ɗaya safe ɗaya rana ɗaya dare, ko da wanda aka aiko da kayan makaranta a jikinsa. Kwanaki wata baiwar Allah ta dawo hankali tashe da jaririnta, an rubuta a kwalba cokali ɗaya sau uku a rana, ɗanta da ya gama firamare ya karanta mata rubutun tiryan-tiryan, amma da ta ce to nawa zan ba shi sai ya ce uku, ta ɗura masa cokali uku lokaci guda. Allah ya taƙaita, na tura su asibiti aka duba shi ya samu lafiya. Yaron nan ya tsaya a bakin shagona yana kuka yana cewa shi ya karanta daidai, kuma gaskiyarsa, daidai ya karanta. Masu noman albasa a majalisarmu su ma sun ce haka suke fama da maganin feshi, a miƙa wa ɗan boko gwangwani ya faɗi murfi nawa ake zubawa a tanki, sai ya karanta ya tsaya yana kallonka. Ko lissafi da ake cewa yara na faɗuwa, ɗana na aji shida in ka ce masa 48 a raba 6 nan take zai ba ka, amma in aka sa shi cikin labari, mutum ya sayi kaza ya raba wa kaza, bai san ko tarawa ake so ko rabawa ba. Irinsu ne gobe za su zauna WAEC da NECO, kuma wanda bai gane tambaya ba me ya rage masa in ba jiran satar amsa ba?

Na biyu maganar harshe ce, kuma a nan nake roƙon ku saurare mu da kyau. Tun 1977 manufar ilimi ta ƙasa ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa a shekarun farko na firamare. A 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai shi har aji shida, a ƙarshen 2025 kuma ma'aikatar ilimi ta tarayya ta ce ta soke, a koma Turanci. Ana can Abuja ana ɗaurawa ana kwancewa, mu dai abin da muke gani a gida shi ne yaron da bai taɓa jin Turanci ba sai a aji, an ɗora masa kaya biyu lokaci ɗaya, koyon haɗa baƙaƙe da koyon baƙon harshe, sai ya kasa ɗaukar ko ɗaya. Babu uban da bai son ɗansa ya ji Turanci, mun san da shi ake jarrabawa da shi ake neman aiki. Amma yaron da ya saba karanta Hausa ya tsaya ya tambayi kansa me wannan ke nufi, in ya shiga Turanci da wannan ɗabi'ar zai shiga, zai san lokacin da bai gane ba har ya ɗaga hannu. Wanda ya saba rera abin da bai sani ba tun aji ɗaya, rashin ganewa bai ma damunsa, ya ɗauka haka karatu yake.

Akwai ma wani abu ƙarami da ban taɓa jin an kula da shi ba. Ɗan Sakkwato a gida yana jin shina zuwa, sunka tai, mi kaka so, a littafi kuma zai ga yana zuwa, suka tafi, me kake so. Ba mu ce a canza daidaitacciyar Hausa ba, ita ake rubutu da ita ko'ina kuma ya kamata su iya ta, amma malam ya tsaya minti biyu ya ce wannan suka ɗin ita ce sunka ɗinku ta gida, wannan kaɗai kan buɗe wa yaro ƙofa. Balle ɗiyan Fulani da Zabarmawa da ke cikin azuzuwanmu waɗanda Hausar ma ta biyu ce gare su.

Na uku, babu abin karantawa a hannun yaro. Mun shaida lokacin da aka kawo littattafan Mu Karanta na aji ɗaya zuwa uku, a shirin da hukumar USAID ta Amurka ta tallafa a Sakkwato da Bauchi. Babban ɗana ya ci moriyarsu, akwai hoto akwai ɗan labari akwai tambaya, ya kan zo gida yana haɗa ba da ba yana karanta allon shaguna a hanya. To a 2025 Amurka ta rufe USAID, kuma dama mai kwana da tabarmar aro ya san wata rana za a naɗe. Abin da ya fi ƙona mani rai kuma shi ne ragowar littattafan da ke akwai ma ba su kai hannun yara. A wata makaranta da ba zan kama suna ba, hedimasta ya buɗe mani kabad na ga littattafai jere wasu ko ledarsu ba a cire ba, na ƙasan gara ta fara ci. Na ce Malam don Allah mi ya hana a raba? Ya ce in ya raba suka yage ko suka ɓace, ranar da aka zo ƙirga shi za a tuhuma. Ban ga laifinsa ba, mutum ne mai tsoron abin da zai taɓa abincinsa, amma ku duba, gara ta samu yara ba su samu ba.

Kuma ko an samu littafin, wani lokaci labarin ciki ya yi nisa da yaro. A ba shi labarin tashar jirgin ƙasa alhali layin dogo a Ƙauran Namoda ya tsaya bai taɓa isowa Sakkwato ba, ko labarin bakin teku, ba tare da an ɗan yi masa shimfiɗa ba. Ya kamata su san waɗannan, duniya ba ta ƙare a Gulbin Rima ba, sai dai mai koyon fahimta da abin da ya sani ake fara ja masa gora.

Na huɗu a taƙaice, cunkoso da haɗa yara ba bisa matakinsu ba. Ajin ɗana na biyu na ƙirga da kaina sun haura ɗari, malama ɗaya, ga zafin watan Afrilu da rufin kwano. Ga kuma yaran da rashin tsaro ya koro daga wajajen Sabon Birni da Isa da Rabah, wasu sun yi shekara biyu ba makaranta, a dubi tsawonsu a sa su aji huɗu alhali ko baƙaƙe ba su gama ganewa ba, su zauna a baya shiru har a tashi. Ina so a fahimce ni, ba malamai muka zo kai ƙara ba, yawancinsu yadda aka koya masu haka suke koyarwa, kuma wanda ke gaban yara ɗari in bai sa su amshi ba ya zai yi da su? Masu zuwa duba makaranta kuma abin da muka saba gani shi ne a duba rajista, a duba littafin shirin darasi, a sa hannu a tafi, yaro na zaune ba wanda ya ce masa zo ka karanta mani.

To ranka shi daɗe ga abin da muke roƙo, kuma mun yi ƙoƙari mu tsaya kan abin da ke cikin ikonku.

Muna roƙon a ware rabin awa kullum a jadawalin kowace firamare, daga aji ɗaya har shida, na karatu da ganewa kaɗai, da safe kafin rana ta yi zafi, kuma a hana rubuta amsa a allo a cikin wannan lokacin. Dattijon nan na majalisarmu ya nuna mana yadda ake yi, mun gwada a zaurena da yaran unguwa goma sha wani abu duk ranar Alhamis da yamma da ba su zuwa Islamiyya, kuma ba ya cin ko kwabo. Kafin a fara sai a nuna masu kan labari a ce me kuke zaton zai faru, a fitar da kalma biyu ko uku masu wuya a yi bayaninsu, a karanta a tsaya a tsakiya a yi tambaya, in an gama a rufe takarda yaro ya maido da labarin da bakinsa ga na kusa da shi. Ga irin wanda muka rubuta masu: wani manomi ya tashi da asuba ya ɗora wa jakinsa buhun albasa zai kai kasuwa, da ya kai wani wuri sai ya tsaya ya naɗe ƙafar wandonsa, ya sauke buhun ya ɗora bisa kansa, ya ja jakin suka wuce. Tambaya ta farko, me jakin ke ɗauke da shi? Wannan tana nan a fili. Ta biyu, don me ya naɗe wando ya ɗauke buhun? Wannan babu layin da za ka kwafa, ba a ambaci ruwa ko sau ɗaya ba, dole yaro ya haɗa da kansa. Ranar farko duk shiru suka yi suna laluben takarda, sai wani ƙaramin yaro ɗan gudun hijira da ba ya cika magana ba ya ce gulbi za su ƙetare, albasa in ta jiƙa ruɓewa take yi. Zauren nan ya kaure da gardama, wani ya ce laka ce, wata ta ce in laka ce ai ba sai ya ɗauke buhu ba. Ta uku kuma, kai da kai ne ya za ka yi? Wannan gardamar ita muke so a ji tana tashi daga azuzuwa. Ko a aji mai yara ɗari ana iya sa su bibbiyu kowa ya ba ɗan'uwansa labari, malam na zagayawa yana saurare.

Muna roƙon ku fitar da takarda a rubuce zuwa ga kowane hedimasta cewa littafin da ya yage a hannun yaro ba laifi ba ne, wanda aka tarar a kulle cikin kabad shi ne abin tuhuma. A bar yara su je da su gida ko da daga Juma'a zuwa Litinin, mu iyaye za mu sa hannu mu yi masu bango da takardar siminti in ta kama.

Muna roƙon jiha ta buga nata ƙananan littattafan labarai da kuɗinta, kada a jira wata ƙasa. Dokar UBE ta 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na asusun kuɗin shiga na gwamnatin tarayya don ilimin matakin farko, jihohi na karɓa ta hannun UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta ƙasa, in sun aje nasu kason. Mun ga ana gina azuzuwa ana zagaye makarantu da katanga, mun gode Allah shi saka, amma a cire wani abu a sa a takarda mai shafi takwas ko goma da yaro zai riƙe. Masu rubutawa ba sai an je nesa ba, ga malaman Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ga masu horar da malamai a makarantar Shehu Shagari, ga tarihi jibge a cibiyar Waziri Junaidu, ga tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi a bakin kakanni. A rubuta labarin majema da dukawan garin nan, da masuntan gulbi, da madatsar ruwan Goronyo, da yadda aka kafa Sakkwato, sannan a bi da na nesa. A yi na Hausa a yi na Turanci mai sauƙi, mataki-mataki.

Duk yadda aka ƙare da maganar harshen koyarwa a sama, muna roƙon kada a taɓa darasin karatun Hausa a aji ɗaya zuwa uku, kuma a fito fili a gaya wa malami cewa in yara ba su gane labarin Turanci ba ya halatta ya yi masu bayani da Hausa su tattauna, sannan su dawo su faɗa da Turanci gwargwadon iyawarsu. Wasu malaman na yin haka a ɓoye kamar masu laifi, a cire masu wannan tsoron.

Sai wadda muka fi ba muhimmanci. Duk sufeton da ya je makaranta, bayan rajista, ya zaɓi yara biyar da kansa, kada a zaɓa masa, ya miƙa masu ɗan sakin layi da ba su taɓa gani ba, ya yi masu tambaya uku irin waɗancan, ya rubuta nawa suka amsa. Minti ashirin ya isa. A tara wannan kowane zango, kowace ƙaramar hukuma ta san inda take, a kuma karanta wa iyaye a taron makaranta ko da sakamakon ba daɗi, gara a gaya mana gaskiya tun yaro na aji uku da mu gano a bakin kemis. Da wannan gwajin ne kuma za a iya raba yara bisa matakinsu na awa ɗaya a rana, masu baƙaƙe daban, masu haɗa kalma daban, masu labari daban, kamar yadda ƙungiyar Pratham ta fara a Indiya wasu ƙasashe suka ɗauka, don ɗiyan gudun hijiran nan su samu su cim ma sauran. A jarrabawar ƙarshen zango ma a daina kawo labarin da aka riga aka haddace a aji.

Horon malamai kuma, don Allah a rage na zama a babban ɗaki ana jawabi. A kai mai horarwa cikin aji na gaske da yaransa ɗari ya yi darasin a gaban malamai su gani da ido, bayan wata ɗaya ya dawo ya ga su ma sun yi. In da hali a nema mana ko minti goma sha biyar a gidan rediyon Rima da daddare, a karanta wa yara labari a bar masu tambaya sai gobe, don rediyo na shiga inda littafi bai kai ba.

Mu ma ba mu wanke kanmu ba, da yawanmu kati kawai muke dubawa mu ce Allah shi yi albarka. Mun yi alkawari a majalisarmu kowane uba zai zauna da ɗansa ko sau biyu a mako, kuma mun gaya wa matanmu ko wadda ba ta yi boko ba tana iya cewa rufe littafin ka ba ni labarin da Hausa, in ya kasa ta san akwai gyara. Mai ɗakina yanzu tana tuƙa tuwo tana yi wa ɗiyar nan tambayoyi, makon jiya yarinyar ta karanta wani labari ta tsaya da kanta a tsakiya ta ce Inna ban gane nan wurin ba, bari in koma baya. Amma abin da zaure ɗaya zai iya kaɗan ne, yaran na wuni a hannunku ne, kuma akwai dubbai da babu mai zama da su a gida.

In kun ga dama ku turo wani daga ofishinku ya zo ya zauna da mu ranar Alhamis bayan La'asar ya ga yadda yaran ke yi, za mu shimfiɗa masa tabarma, kuma ya zo da nasa labarin da ba su taɓa gani ba ya gwada su da kansa. Kwafin wagga wasiƙa za mu kai ta hannun sakataren ilimi na ƙaramar hukumarmu da sa hannun iyayen da suka amince, muna fatan jin amsa kafin a koma sabon zango.

Allah shi ba ku ikon yin adalci, shi shirya muna zuri'a baki ɗaya.

Wassalamu alaikum.

Naku,
Wani uba, a madadin iyayen yara na wata unguwa a cikin garin Sakkwato